Nauyin Jariri

Ina da wani hali da ba na yi wa kowa fatan ya gada, wato gyaɗa kai. In ana yi mini magana, kafin a kai tsakiya kaina ya kama aiki kamar na ƙadangare. Mai maganar ya tafi da tabbacin na ji kuma na yarda, ni kuwa wani lokacin tunanin abin da zan ci nake yi. Da wannan halin na haura hamsin ban yi faɗa da kowa ba. Ko ranar da matata ta ce ta gaji da auren mutumin da ba shi da a'a, kai na gyaɗa mata, sannan na taya ta ɗaukar akwati.

Sana'ata ɗaukar hoto ce, a zamanin da kowane yaro ke yawo da kyamara a aljihu. Shagona shi ne ɗakin ƙasa na gidanmu, ƙofarsa ta baya tana kallon matakalar bene. Saboda haka aikina na gaskiya zama ne, duk wanda ya hau ko ya sauka a idona ne. Inna, mahaifiyarmu, tana ɗakin ƙasa na ciki saboda ciwon gwiwa. Sama kuwa ƙanena ne, Auta, da matarsa, wadda har ta haihu ba mu daina kiranta Amarya ba. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, yayarta ɗaya kuma tana aure a wani gari. Da ta haihu, mu ne danginta na kusa.

Auta ƙusa yake sayarwa da wayar ɗauri, komai a kan sikeli. Ba mugu ba ne, wannan zan iya rantsewa. Sai dai duk abin da bai hau sikeli ba, a wurinsa jita-jita ne.

Ciwon ya fara ne jaririn bai cika wata ba. Inna ta ɗauki nauyin abincin Amarya, kullum soyayyen nama yana ninƙaya a cikin mai, wai don nono ya zo. Wata rana bayan abincin rana sai na ga Amarya ta sauko, hannu ɗaya da jariri, ɗayan ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama. Gumi ya jiƙa mata wuya.

"Yaya, don Allah riƙe mini shi kaɗan."

Na karɓa. Ta durƙusa a matakalar ƙarshe ta kifa goshinta a kan gwiwa.

"Ina ne ke ciwo?"

"Nan. Yana sukata har kafaɗa. Kamar ana ɗaura ƙusa." Ta ɗago tana ƙoƙarin murmushi. "Ko cinikin ƙaninka ne ya biyo ni gida."

Inna ta leƙo daga ɗakinta. "Ciwon bayan haihuwa ne. Wace macen ce ba ta yi shi ba?"

"Inna, duk ranar da na ci mai yake tashi."

"To ki daina ci, yaron ya sha iska. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ke dai ci."

Da yamma Auta ya dawo, aka ba shi labari, ya yanke hukunci yana cire takalmi: olsa ce. Washegari ya zo da kwalbar farin magani mai kauri. Ta sha, ta ci naman Inna, ta durƙusa a matakala. Haka aka yi ta yi. Na ƙware wajen riƙe jariri, shi kuma ya ƙware wajen jan gemuna.

Ranar da abin ya ƙi kwanciya, Auta yana shago yana jiran motar kaya. Amarya ta yi amai har sai da ya koma kore, farin idonta ya ɗan yi rawaya. Na kira shi a waya.

"Yaya, direban ya ce yana hanya. Ka kai ta, ina nan tafe."

A asibiti aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki aka yi hoto. Likitar mace ce, siririya, ba ta ɓata kalma. Ta juyo mana da allon.

"Tsakuwa ce a maɗaciya. Yakan faru ga mata bayan ciki. Ɗaya ta toshe hanya, wurin ya kumbura. Sai an cire."

"Tsakuwar?" na tambaya.

"Maɗaciyar gaba ɗaya. Tun yaushe take wannan ciwon?"

Amarya ta faɗa mata. Likitar ta dube ni. Na gyaɗa kai, don ban san abin da zan yi da shi ba.

Auta ya iso bayan an sauke kaya. Ya sa hannu a takarda. Aka yi aikin washegari. Irin aikin zamani ne, ba a tsaga ciki, ƙananan ƙofofi huɗu ake hudawa a zura kayan aiki, mafi girmansu a cibiya. Da aka fito da ita, wata nas ta miƙa wa Auta 'yar kwalba da tsakuwoyin a ciki, launin ƙasa-ƙasa, wasu kamar wake, wasu kamar yashi. Ya ɗaga kwalbar a tafin hannu yana aunawa.

"Ko giram hamsin ba su kai ba," ya ce. Akwai 'yar takaici a muryarsa, kamar an yi masa ƙwange.

Ranar sallama ma yana shago, ni ne a gaban likita. Ta yi bayani dalla-dalla, Amarya na zaune a bakin gado tana sauraro. Ta yi maganar hutu, ta yi maganar mai, ta yi maganar zazzaɓi da kumburi da ranar dawowa. Kaina yana ta aikinsa. Jimla ɗaya ce ta zauna mini daram, saboda ta yi mini daɗi a kunne: kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi.

Da muka dawo gida muka tarar injin da ke tura ruwa sama ya mutu. Famfon tsakar gida yana kawo ruwa, amma ko ɗigo ba ya hawa bene.

Inna ta sa Amarya ta kwanta a kan doguwar kujerarta, ta ɗaga rigar da kanta. Ta daɗe tana kallon filasta huɗun.

"Ina aikin?"

"Shi ne wannan, Inna."

"Wannan ai cizon sauro ne." Ta shafa cikinta ta saman zane. "Lokacin haihuwar Auta tsaga ni aka yi kamar kifi, daga nan har nan. Sati bai zagayo ba ina tsaye a kan murhu. Allah ya rufa miki asiri, yarinya, ba a yi miki komai ba."

"Likita ta ce ciki ne ke da rauni, ba fatar ba. Ta ce in kwanta in huta makonni."

Auta ya yi dariya a hankali. "Ba a auna kaya a sikelin mai kayan. Yaya ne ya ji. Yaya, me likita ta ce?"

"Ta ce kada ta ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi."

"Kuma ta ce in huta," in ji Amarya. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Na gyaɗa kai.

"Amma nauyin jariri ba laifi," in ji Auta. "Ko ba haka ba, Yaya?"

Na gyaɗa kai.

Washegari ya dawo daga shago da sikeli a ƙarƙashin hammata da wani ɗan bokiti sabo, shuɗi, irin na wasan yara a bakin ruwa, sai dai ya ɗan fi girma. A tsakar gida ya shimfiɗa tawul a kan farantin sikelin ya ɗora ɗansa. Yaron yana ta harba ƙafa, uban yana jiran allurar ta tsaya. Ya sauke shi, ya ɗora bokitin, ya riƙa zuba ruwa da kofi har allurar ta kai daidai wurin. Sannan ya ciro jan fenti ya ja layi a cikin bokitin.

"Ga shi nan," ya ce yana goge hannu. "Kada ki wuce layin nan ko da ɗigo. Ni ba na saɓa wa likita."

Amarya ta dubi bokitin, ta dubi matakalar, ta dube shi.

"Injin fa?"

"Na kira mai gyara. Wani ƙarfe ne ya lalace, ya ce zai duba kasuwa."

Inna ta ce, "Ka ga miji. Wani da babban bokiti zai bar ki."

Abin da babban bokiti ke kaiwa sau ɗaya, ɗan shuɗin sai ya yi sawu huɗu ko biyar. Ga ruwan wankan Auta, ga na girki, ga na banɗaki, ga na wanke kwanuka. Wankin tsumman jariri a ƙasa take yi, a sunkuye a bakin famfo. Ba za ta bar yaron shi kaɗai a sama ba, Inna kuwa kukansa yana hawar mata da jini, saboda haka a bayanta yake hawa yake sauka. Ranar farko ta tsaya a ƙofata tana mayar da numfashi.

"Yaya, kai da ka yi makaranta, taya ni lissafi. Jariri a baya, nauyin jariri a hannu. Nawa ke nan?"

Da daddare na kai wa Auta lissafin, cikin raha, don kada ya ji zafi.

"Shi yaron ai likita ta riga ta yarda da shi," ya ce. "Ba a lissafa shi sau biyu."

Na ga kamar akwai kuskure a wani wuri, amma kafin in gano inda yake, kaina ya riga ya amsa.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Wata safiya na karɓi bokitin daga hannunta. Ban taka matakala uku ba muryar Inna ta riske ni.

"Mai Hoto, sauke. Yayan miji da bokitin matar ƙani? Kana so a ce me a unguwa? Kai da matarka ta tafi, sai a fara ƙirga mana abin da babu. Ga bayanka kuma."

Bayana kam yana ciwo, in an tuna mini. Na sauke. Amarya ta ɗauka ta hau.

Kwalbar tsakuwoyin tana kan talabijin ɗin Inna. Ta zama abin kallo. 'Yan dubiya suka riƙa zuwa, a miƙa musu su girgiza ta a kunne, su ce ikon Allah, duk wannan a cikin mutum. Auta ya sa na ɗauke ta hoto a kan farin ƙyalle da fitilu biyu, ya tura wa abokansa. Shi ne aikin da ya fi kowanne kyau da na yi a wannan shekarar. Ita kuwa mai tsakuwoyin, ita ke sauko da shayi ta durƙusa ta ajiye a gabansu.

"Kin warware sosai," suke cewa. "Likitocin yanzu sun iya aiki."

"Alhamdu lillahi," take amsawa, hannunta ɗaya a kan cibiya.

Nonon uwa yana da albarka. Yaron ya riƙa ƙiba, kumatu suka fito, wuya ya ɓace. Duk ƙarshen mako Auta ya zo da sikeli, ya auna ɗansa yana murna, ya ɗauko fenti ya ja sabon layi sama da na baya. Ba da mugunta yake yi ba, adalci yake yi. Layukan suka jeru a cikin bokitin kamar matakalar da take hawa.

Mai gyaran injin kuwa labarinsa ya yi tsawo. Da farko ƙarfen babu a kasuwa. Sannan an samu amma jabu ne. Sannan mutumin ya yi tafiya, ƙanin matarsa ba lafiya. Amarya ta ce a kira wani.

"Wani ya taɓa mini inji ya ƙarasa shi?" in ji Auta. "Hannu biyu ke kashe inji. Ki yi haƙuri, ai ruwa bai yanke mana ba."

Bai yanke ba kuwa. Kullum ya tashi ya tarar da ruwan wankansa da ɗumi.

Ranar da likita ta ce a koma ta zo ta wuce. Amarya ta tuna masa tun da safe. Ya ɗaga gefen rigarta ya duba ƙofofin aikin na sama, sun rufe tas.

"Me za a je a gani? Mu ɓata yini a layi don a ce mana an warke?"

"Ta cibiyar ce ba ta rufe ba."

"Ita ce babba, dole ta fi jimawa. Ƙusa mai tsawo ta fi daɗewa kafin ta shige."

Daga nan na fara lura da tafiyarta. Da can takan hau matakalar a miƙe. Yanzu sai ta karkata, ta jingina kafaɗa da bango, ta ajiye bokitin a tsakiya ta tsaya. Ta daina yi mini barkwanci. Wata rana ta zo karɓar jaririn daga hannuna, yatsunta suka taɓa nawa, na ji kamar na taɓa butar shayi. A gaban zanenta, daidai cibiya, akwai wani danshi da ba na ruwan famfo ba. Ta ga na gani. Ta jawo gefen mayafi ta rufe.

"Yaya."

"Na'am, ƙanwata."

"Kana wurin lokacin da likita ta yi maganar zazzaɓi. Ta ce in wurin ya yi ja, ko yana ruwa, ko jiki ya yi zafi, kada a kwana. Ka ji ta."

Sai a lokacin maganar ta dawo mini, kalma bayan kalma, har da yadda likitar ta buga biro a kan tebur.

"Na ji."

"Ni in na faɗa, raki ne. Kai ne babba. Ka faɗa masa, amma ba da wasa ba." Ta gyara ɗaurin goyon, fuskarta ta yamutse. "Ba don ni ba ma. Jiya jiri ya ɗebe ni a matakala, yana bayana."

Na tari Auta a bakin ƙofa da yamma, kafin ya hau. Na shirya jawabina tun la'asar.

"Auta, jikin yarinyar nan da zafi. Wurin yana ruwa. Likita ta ce in haka ta faru a koma."

"Na sani, Yaya. Ga shi ma na biya kemis." Ya zaro ƙwayoyi daga aljihu, ja da fari. "Mai maganin ya ce kwana biyu wurin ya bushe."

"Likitar ta ce kada a kwana."

"Likitoci haka suke faɗa don su wanke kansu. Gobe ana kawo mini kaya, jibi in Allah ya kai mu ni da kaina zan kai ta. Ko kana ganin ban damu da matata ba ne?" Ya dube ni, idonsa a gajiye. "Wa ya kai ta aka yi aikin? Wa ya sayi bokiti? Ka taɓa ganin na bar ta ta wuce layi?"

Inna daga ciki ta ce, "Zazzaɓin nono ne. Ni ma na yi."

Na tsaya tsakanin ƙofa biyu. Sauran kun san shi.

Washegari da hantsi ina goge gilashin kyamara sai na ji takunta. Matakalar a jiƙe take, don duk sawu sai ruwa ya ɗan fantsala. Ta wuce ƙofata ba ta dube ni ba. Leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Ta hau, ta hau, ta kai inda ta saba tsayawa, ba ta tsaya ba. Sai na ji wani ɗan sauti daga maƙoshinta, ba ihu ba, kamar an matse kyanwa.

Bokitin ne ya fara gangarowa, yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya riga shi isowa ƙafata. Da na ɗaga kai tana kan gwiwoyinta. Jikinta ya tafi baya, inda yaron yake, ta damƙi ƙarfen gefe da hannu biyu ta murɗa kanta, kafaɗarta ta daki bango a maimakon kansa. Ɗaurin goyon ya sassauta. Ƙafar yaron ɗaya ta zame tana lilo a kan matakalar.

Ban san lokacin da na hau ba. Bayana bai ce komai ba.

"Kar ka taɓa ni," ta ce, haƙoranta a cije. "Cire shi tukuna. In na saki ƙarfen nan, mun tafi."

Na zura hannu na tallafo shi, na kwance zanen. Sai da ta ji nauyinsa ya bar bayanta sannan ta saki, ta zube a gefe. Gaban zanenta ya rine da jini da mugunya, ga wani kumburi ya taso a cibiyar kamar ƙwan kaza.

Inna ta fito tana dafa bango. Da ta ga jinin ta yi salati, muryarta ta karye, na ga tsoro na gaskiya a fuskarta. Sannan ta tattaro kanta.

"A kira Auta. A jira shi ya zo. Mace ba ta fita mijinta bai sani ba."

"Yaya," in ji Amarya, idonta a rufe. "Wayata na aljihun riga. Yayata za ka kira."

"Mai Hoto, ka ji abin da na ce. A jira ƙaninka."

Na ji wuyana ya fara lanƙwasa. Shekara hamsin na horo ba wasa ba ne. Amma yaron yana ƙirjina yana tsala kuka, ya cusa hannu biyu a gemuna ya riƙe gam, kan ya ƙi sauka. Ba zan ci amanar tarihi in ce jarumta ce ba.

"A'a, Inna," na ce.

Kalmar ta fito a shaƙe, kamar famfon da ya daɗe ba a buɗe ba. Na fita titi da yaron na tare tasi.

Likitar nan ce dai. Ta duba, ta kira nas biyu, aka tura gadon da sauri. Kafin ta bi su ta tsaya a gabana.

"Ba kai na yi wa bayani ba?"

Na riƙe kaina cak. "Ni ne."

"Me take ɗauka?"

"Ruwa. Zuwa bene."

"Tun yaushe?"

"Tun washegarin sallama."

Ta juya ta wuce. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Ɗinkin ciki ne ya ɓalle, hanji ya turo ta wurin, ƙwayar cuta kuma ta riga ta shiga. Wannan karon tsaga ta aka yi sosai. Auta ya iso ana cikin aikin, fenti a hannun rigarsa, yana haki. Ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi. Da likitar ta fito ya tare ta.

"Likita, wallahi mun bi maganarki. Ko giram ɗaya ba ta wuce ba. Da sikeli na auna. Yaya shaida ne."

Yayar Amarya ta iso daga tasha a daidai lokacin, doguwar mace da jaka a kafaɗa. Ta ji maganar tun daga ƙofa. Ta karɓi jaririn daga hannuna ta duba shi sama da ƙasa.

"Sannu da ƙoƙari, mai sikeli," ta ce. "Ita ka taɓa auna ta?"

Auta ya tsura wa tafin hannunsa ido. Ina jin lissafin yake yi.

Ta yi kwanaki ana yi mata ƙarin ruwa da allurai. Zazzaɓin ya ƙafar da nonon, aka koma ba yaron madarar gwangwani. Inna ta sa aka kawo ta dubiya a tasi, da kwanon soyayyen nama, nas ta tsayar da kwanon a ƙofa. Ana canza bandeji lokacin da ta shiga. Ta ga ɗinkin, dogo, baƙin zare a jere daga saman cibiya zuwa ƙasa. Ta jinjina kai cikin girmamawa.

"Yanzu kam an yi aiki," ta ce. "Sannu, yarinya. Wannan sai an huta."

Amarya ta juyar da fuskarta bango.

Ranar sallama yayarta ta ce gidanta za su wuce, kuma ba shawara take nema ba. Auta ya ce har yaushe. Ta ce har sai ƙanwarta ta ce. Ni na kawo musu kayan yaron daga gida. Amarya tana kujerar baya, matashi a kan cikinta, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito.

"Na manta da kwalbarki," na ce. "Tana kan talabijin."

"Ku riƙe ta, Yaya. Ita aka fi zuwa dubawa." Ta gyara matashin. "Na gode da tasi."

Da tasi ta ce, ba ta ƙara komai ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Da yammar nan gidan ya cika da bayani. Inna ta ce laifin yarinyar ne, zurfin ciki gare ta, da ta faɗa da an san abin yi. Auta ya ce likitar ce ba ta fayyace ba, in ana ba da ƙa'ida a ba da ita cikakkiya, da adadin sawu da komai. Maƙwabciyarmu ta ce matan yanzu jikinsu kamar burodi. Wani ɗan dubiya da bai ji labari ba ya zo a makare, ya girgiza kwalbar, ya tambaya ina mai shayi. Kowa ya juyo ya dube ni a ƙarshen maganarsa, yadda aka saba. Na zauna da kaina a tsaye, wuyana har ciwo yake. Babu wanda ya lura.

Auta ya hau sama zai yi wanka, ya sauko. Ya tsaya a bakin famfo yana kallon ɗan shuɗin bokitin da jajayen layukansa, ya ture shi da ƙafa, ya ɗauki babban. Na ji shi yana hawa, yana tsayawa, yana nishi, ruwa na zuba. Sawu ɗaya ya yi. Da ya sauko yana dafe da ƙugu, wayarsa na kunne.

Washegari da safe mai gyara ya zo a kan babur, ƙarfen yana aljihun rigarsa. Kafin shayina ya huce ruwa ya hau bene.